UWAR MAƘERA A WASAN MINECRAFT: YI LISSAFI KAFIN KA KASHE ƘARFENKA

Wannan makon za mu yi bayani a kan uwar maƙera da ke cikin Minecraft, wasan gini da haƙar ma'adinai da kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya kammala fitarwa a 2011. Da yawanmu muna buga shi a wayar yayyenmu, kuma da yawa muna asarar ƙarfen da muka sha wahalar haƙowa saboda rashin lissafi.

A maƙerar unguwa, maƙeri yana zuga wuta har ƙarfe ya yi ja, ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta duka da masaɓa har fartanya ta fito. A Minecraft kuwa, a kan teburin haɗa kaya ake yin diga da gatari da takobi. Aikin uwar maƙera uku ne: gyaran kayan da suka ci aiki, sa musu suna, da haɗa su da littattafan da ke ƙara musu ƙarfi.

Kafin a same ta sai an tanadi curin ƙarfe 31. Bulo uku na ƙarfe ake jerawa a sama, kowanne curi tara, sai curi huɗu a ƙasa. Gawayi ɗaya yana narka ɗanyen ƙarfe takwas, don haka gawayi huɗu sun isa. Amma mu lura, curi uku da sanda biyu ke yin diga guda. Ke nan ƙarfen uwar maƙera ɗaya zai yi diga goma, har curi ɗaya ya yi saura.

Yanzu ga inda lissafin yake. Digar ƙarfe tana fasa bulo 250 kafin ta karye. Idan aka kai ta gyara, kowane curi kashi ɗaya cikin huɗu na lafiyarta yake dawowa da shi. Wadda ta kusa karyewa sai ta ci curi huɗu, alhali sabuwa fil curi uku ce! Haka abin yake ga digar lu'ulu'u. Saboda haka kayan da aka ƙara wa ƙarfi da littafi su ne suka cancanci gyara, domin idan suka karye, ƙarfin ya tafi tare da su.

Bayan ƙarfe, ana biya da matakan gogewa, wato koren lambar da ke ƙasan allo. Duk lokacin da kaya ya koma kan uwar maƙera akwai tara. Karon farko babu, na biyu mataki 1, sai 3, sai 7, sai 15, sai 31. Da zarar jimillar kuɗin ta kai mataki 40, wasan zai ce aikin ya yi tsada, ya ƙi karɓa. Wato kaya ba ya wuce zuwa shida. Dabarar ita ce a bari sai ya kusa ƙarewa, sannan a zuba curi huɗu a zama ɗaya, domin gyara ɗaya za a ƙirga. Sai dai a sa ido a kan layin da ke nuna lafiyarsa, don wanda ya karye ya ɓace ke nan.

Ita kanta uwar maƙerar tana tsufa. Tana tsagewa a hankali, a ƙarshe ta farfashe. Kuma kada a haƙe bulon da ke ƙarƙashinta ana tsaye a wurin, domin faɗowa take yi kamar yashi, tana iya kashe ɗan wasa.

Ga aikin gida ga masu son lissafi: bayan 31, wace lamba ce za ta biyo, kuma wace doka lambobin suke bi? A kawo amsa ga kulob ɗinmu kafin ranar Juma'a.

Daga ɗan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida