Wa Ke Yi Musu Tuwo?

'Yan'uwana mata, duk wadda ta je Argungu ta daure ta shiga Gidan Tarihi na Kanta. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu. Wannan gida ne fadar sarakunansu har 1942, kuma a 1958 aka mai da shi gidan tarihi.

Ran nan na kai 'yan matan ajina. Muka ga takubba da masu da tambura. Sai wata ta ce, "Malama, wa ke yi musu tuwo?" Na yi shiru.

Ku duba fa, gidan sarki ba ya rabuwa da baƙi. Wa ke casar shinkafar fadama? Wa ke gyara kifin Matan Fada don fadawa da dogarai? Matan sarki ne da kuyanginsu. Sunayen sarakuna suna rubuce, na matan kuwa sai a bakin tsofaffi.

Saboda haka, 'yar'uwa, zauna da kakarki ki tambaye ta, 'yarki ta rubuta. In tsohuwa ta tafi, da labarinta take tafiya.