Awon Wata, Cefanen Yau: Lissafin Tuwon Dare a Abbaganaram

Da an idar da sallar La'asar a Abbaganaram, tsohuwar unguwar nan ta cikin garin Maiduguri, sai ka ga yara sun fara ratsa lunguna, kowa da kuɗi a dunƙule a hannu. Wannan an aike shi manja na ƙulli, wancan daddawa da magi, waccan kuma gawayi a leda. A gidaje da yawa ba a sanin abin da za a ɗora sai rana ta karkata, kuma duk shawarar da aka yanke a wannan lokaci tsada gare ta. Abin da ke kusa shi za a saya, a kuma farashin da mai tebur ya faɗa.

Akwai kuma gidajen da tun farkon wata an san abin da za a ci daren ashirin ga wata. Ba lallai su fi maƙwabtansu samu ba. Bambancin kawai shi ne sun zauna sau ɗaya sun yi lissafin da wasu ke yi kullum cikin gaggawa.

A Turai da Amurka, idan aka ce tsara abincin wata, nufinsu a yi girki mai yawa rana ɗaya, a rarraba a robobi, a jera a firiza. Mai son kwaikwayon wannan a Maiduguri sai ya fara shawara da wutar lantarki. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka lalata turakun da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu, garin ya daɗe a cikin duhu, har dai aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2023. Wanda ya ga wannan zamani ba zai damƙa wa firji amanar naman wata guda ba, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Saboda haka tsarin da ke aiki a nan ba na dafaffen abinci ba ne. Na busasshen kaya ne, kuma ya girmi firji nesa ba kusa ba.

Ginshiƙinsa shi ne raba awo da cefane. Awo shi ne duk abin da zai kai wata bai lalace ba: masara, gero, dawa, shinkafa, wake, gyaɗa, manja, man gyaɗa, gishiri, kanwa, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, barkono, busasshen tumatir da banda. Cefane kuwa ɗanyen kaya ne, irin su alayyafo, yakuwa, attaruhu da nama, waɗanda dole sai an saya a ranar ko ana gobe. Gidan da ya gama awo a farkon wata, abin da maigida zai ajiye da safe ya ragu ƙwarai. Ranar da aljihu ya bushe ƙarƙaf kuma, tuwo da miyar kuka ba sa neman ko kwabo daga waje.

Abin sha'awa, irin wannan lissafi ne Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta shafe shekaru tana yi a Borno. Jami'anta kan bi kasuwannin Maiduguri suna ɗaukar farashi, kuma kasuwar Abbaganaram na cikin jerin, tare da Kasuwar Monday, ta Tashar Baga, ta Kwastam da Kasuwar Shanu. Daga nan sai su fitar da kuɗin mafi ƙarancin abincin da zai riƙe gida mai mutum 5 tsawon wata. Kayan da suke sakawa a ma'aunin ba baƙi ba ne: shinkafa, masara, wake, gyaɗa, mai, sukari, gishiri da albasa. Wato abin da ƙwararru ke yi da kwamfuta, uwargida na yin sa da mudu, kuma ita ta fi su sanin cikin 'ya'yanta.

Yadda ake farawa ba wuya. Mako guda ake ɗauka ana lura da abin da tukunya ke ci a zahiri, ba abin da ake zato ba. A ce gida yana tuƙa kwano ɗaya na gari kowane dare, kuma ana cin tuwo dare 5 a mako. A wata ke nan ana neman kwano 20 da ɗoriya, sauran dararen kuma shinkafa, wake ko taliya su cike. A kasuwannin Arewa da dama ana lissafin buhu mai kilo 100 a kan kwano 40, don haka irin wannan gida rabin buhu ya kusa kai shi. Sai dai a kula, mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma hannun mai awo ma ya bambanta. Mata masu dabara da kwanon gidansu suke sake aunawa idan an kawo kaya, da shi kuma suke ɗiba kullum. Ɗiba da ido ita ce ke cinye awo tun kafin wata ya raba.

Ta ina riba take fitowa? Da farko akwai ratar da ke tsakanin sari da sayen ɗai-ɗai. Mai sayar da manja a ƙulli ba zalunci yake yi ba. Shi ma galan ya saya, ya biya kuɗin leda, ya zauna a rana, dole ya ɗora ribarsa a kan kowane ƙulli. Wanda ke saye a wurinsa sau 30 a wata ya biya wannan riba sau 30. Sai kuɗin abin hawa. Tun 2011 aka hana babura a Maiduguri, Keke Napep ya zama abin hawan talaka, kuma kuɗinsa ya yi tsalle bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Zuwa Tashar Baga don kifin dare ɗaya asara ce. Zuwa sau ɗaya a sayo bandar wata, a biya ta Kasuwar Monday a haɗo mai da hatsi a cikin keke guda, wannan ya biya kuɗinsa.

Na uku shi ne hauhawar farashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata. A irin wannan yanayi kuɗin da aka ajiye a ƙarƙashin filo narkewa yake yi kamar ƙanƙara a kasuwar azahar, shi kuwa wake a jarka yana nan yadda aka zuba shi. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a watan Yulin 2024, gara masa ya mayar da kason abinci ya zama abinci tun a makon da kuɗin suka shigo. Amma wannan dabara ba ta kullum ba ce. A 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara buhuna da tsada suka ji a jikinsu. Shi ya sa wata guda ya fi zama daidai ga mai ƙaramin ƙarfi. Ba ya kashe jari, ba ya kuma barin mutum a hannun mai tebur.

Shi jadawalin kansa, babu mai zama ya ƙirƙiro girki 30 daban-daban. Mako ɗaya ake tsarawa, a maimaita shi sau huɗu ana sauya miya. Tuwon masara da kuka yau, gobe burabusko da miyar yakuwa, jibi shinkafa da wake da mai da yaji, gata tuwon dawa da busasshiyar kuɓewa. Juma'a, idan da hali, ita ake ware wa shinkafa da miyar nama, don ranar ce dangi suka fi leƙowa. Masu gogewa ba sa tara daɗin a makon farko. Sukan soya naman da aka saya ya bushe sosai, a dinga tsoma 'yan yanka a miya, a bar banda ta riƙe makonni biyu na ƙarshe. Gidan da ya ci kaza a ranar uku ga wata ya koma lami a ranar ashirin, yara ba sa tuna kazar, lamin suke tunawa.

Lokacin da ake ragewa kuwa sai mai girki ce za ta faɗa. Idan an san gobe wake ne, tun dare za a tsince shi a jiƙa, ya nuna da wuri, gawayi ya yi saura. Idan an san ranakun tuwo, sau ɗaya za a kai surfe da niƙa a mako, maimakon yarinya ta tsaya a layin inji kullum har Magariba ta wuce. Kayan miya ma akan markaɗa da yawa, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai. Wannan yakan yi 'yan kwanaki idan ana ɗumama shi safe da yamma. Sauran tuwon dare kuma ɗumamen safe ne, don haka wanda ya tsara dare ya rage wa kansa rabin tunanin karin kumallo.

Sai dai gidan Maiduguri ba ya ƙirguwa da yatsu. Tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, ɗimbin mutanen da suka baro Bama, Gwoza, Dikwa, Marte da sauran garuruwa ba sansani suka nufa ba, gidajen 'yan uwa suka sauka. Ga almajiri da ƙoƙonsa a bakin ƙofa, ga kwanon da ake fitarwa waje inda magidanta ke ciyayya bayan Isha'i. Lissafin da bai bar gurbin baƙo ba, takarda ce kawai. Shi ya sa ake ƙara mudu biyu ko uku a kan abin da ƙididdiga ta bayar. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuma, tsarin yana da wani amfani da ba a cika faɗa a fili ba. Idan an auna kason kowace ranar girki tun farko, a gaban kowa, an toshe ƙofar ƙorafin cewa ranar wance ake sakin hannu.

Babban abokin gabar awo shi ne ƙwaro, musamman a wake. Wasu 'yan kasuwa sun ɗauki mummunar hanyar yayyafa maganin ƙwari irin Sniper a kan wake, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai saboda guba ne. A gida babu buƙatar wannan ko kaɗan. A shanya waken ya bushe ƙamas, a cika jarka mai tsabta har wuya, a toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaron da ke ciki zai mutu da kansa. A kan wannan hikima aka gina buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Gero kuma gara a ajiye shi tsaba, domin garinsa ba ya jimawa yake sauya ɗanɗano. Gyaɗa da masara ba sa son laima. Idan suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar da ke illa ga hanta, don haka a kan katako ake ɗora buhu, ba a kan siminti ba.

Jadawalin Janairu ba zai yi aiki a Yuli ba. Da sanyi, lokacin da kayan lambun rani ke cika Kasuwar Gamboru, tumatir da tattasai kan yi araha, a lokacin ne ake yanka su a shanya don watannin da kwando zai gagari mutane. Da damina hatsi ke tsada, amma ganye ya wadata, sai miyar ɗanyen zogale, rama da yakuwa su karɓi aiki. Azumi kuma nasa lissafin daban: gero, sukari, tsamiya da wake ne ke tafiya, kuma wanda ya jira sai an ga wata kafin ya shiga kasuwa zai tarar kowa ya riga shi.

Duk wannan bayani yana da wani rami da bai kamata a tsallake shi ba. Mafi yawan mazauna unguwa irin Abbaganaram ba 'yan albashi ba ne. Direban keke, mai faci, tela, mai turin ruwa, abin da suka samo da yamma shi ake ɗorawa da dare. A ce da irin wannan magidanci ya sayi rabin buhu, an yi masa ba'a ne. Shi ne kuma ya fi kowa biyan tsada, tunda kullum a ƙulli yake saye. Mafitar da mutane suka samo wa kansu ita ce adashi: a dinga zubi kaɗan-kaɗan, ranar kwasa a wuce kasuwa kai tsaye kafin wata buƙata ta sha gaban kuɗin. Wasu kuma gida huɗu ko biyar ne ke haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya da galan ɗaya, a zo tsakar gida a raba da kwano. Ko wanda bai kai ga hatsi ba, idan ya iya sayen kuka, daddawa, gishiri da mai na wata, ya rage yawan aiken La'asar.

Akwai kuma hatsarin tara abinci wuri ɗaya, kuma mutanen wannan gari sun gan shi da idonsu. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da yawa na birnin, ciki har da Abbaganaram, Gwange da Gamboru, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun ta 1994. Satumba tsakiyar tsadar hatsi ce, kaka ba ta kai ga shigowa ba, kuma buhun da ruwa ya kwana a kansa ya tashi daga aiki. Wanda yake zaune a inda ruwan ya taɓa kaiwa, awon Agusta da Satumba gara ya raba shi biyu, mako bibbiyu, ya zuba abin da zai zubu a jarka mai murfi, ya kuma ɗaga sauran sama gwargwadon yadda ɗakin ya ba da dama.