Me ke sa tsofaffin dawakin sukuwa firgita da yawan haniniya?

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta daɗe tana haɗa masu sha'awar dawaki na ƙasashen biyu. A Katsina, tun farkon shekarun 1920 Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, kuma har yau sukuwa da hawan sallah na da babban matsayi a yankin.

To amma dokin sukuwa ba ya daɗewa a fage. Idan gudunsa ya ja baya, akan sayar da shi ga mai neman dokin kilisa ko na hawa. A nan ne sabon ubangidansa kan tarar da dabbar da ke zabura da jin ƙara kaɗan, tana turjiya, tana haniniya a turke har dare ya raba.

Wasu kan ɗauki hakan a matsayin taurin kai, su sa bulala. Masana halayyar dabbobi kuwa na cewa yawanci tsoro ne ko ciwo.

Halitta da horo

A asalinsa doki dabba ce da namun daji ke farauta, kuma gudu ne makaminsa. Idanunsa na hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Shi ya sa wanda ya zo masa ta baya ba zato kan sha harbi.

A kan wannan ɗabi'a aka ɗora horon sukuwa. An koya masa cewa cincirindon jama'a da ihu da ganin dawaki a jere alama ce ta a tashi a guje. Saboda haka idan aka kai shi hawan sallah, inda ake buga tambura ana harba bindigogi, yakan ɗauka lokacin tsere ya yi. Idan linzami ya hana shi, sai tutsu ya biyo baya, abin da kan jefa mahayi da 'yan kallo cikin haɗari.

Abin da kukansa ke nufi

Doguwar haniniya kira ce, doki kan yi ta idan an raba shi da 'yan uwansa. Dokin da ya saba da barga mai cike da dawaki, aka wayi gari an ɗaure shi shi kaɗai, zai yi ta nemansu da murya.

A shekarar 2015, wani bincike da Elodie Briefer ta jagoranta a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan ya gano cewa haniniya na ɗauke da amo biyu a lokaci guda. Ɗaya na nuna ƙarfin abin da dokin ke ji, ɗayan kuma na nuna ko daɗi ne ko damuwa.

Hura hanci da ƙarfi, kai a sama, gargaɗi ne cewa ya ga abin da bai yarda da shi ba. Gajeriyar ƙara mai kaifi kuwa ta faɗa ce, musamman tsakanin ingarmu.

Sai dai kuma doki ba ya yawan kuka saboda ciwo. Yakan yi shiru ne. Wannan ta sa a 2014 masu bincike a Turai suka fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskarsa: kunnuwa sun miƙe baya, idanu a lumshe, muƙamuƙi a ɗaure.

Gyambon ciki

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na dawakin da ke horon sukuwa na fama da gyambon ciki. Cikin doki na fitar da ruwan narkar da abinci dare da rana, domin an halicce shi ya shafe kusan awa 16 yana kiwo. Yawan hatsi da ƙarancin ciyawa, haɗe da gudu, kan sa ruwan ya ci masa ciki. Irin wannan doki kan yi cizo idan an zo ɗaure masa sirdi.

Mafita

A Birtaniya, tun shekarar 2000 aka kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses domin sake horar da irin waɗannan dawaki, aikin da kan ɗauki watanni.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a fara da duba haƙora da baya da ƙafafu. Sannan a yawaita harawa da ciyawa, a rage dawa da gero, a kuma ɗaure shi inda zai ga wani doki. Ganguna da taron jama'a kuwa, a saba masa da su daga nesa, ana matsawa sannu a hankali.

Duka na iya sa dokin ya tsaya cak a wannan rana, amma zai haɗa wurin da zafin da ya ji, kuma doki ba ya saurin mantuwa.