Daga Ƙofar Doka zuwa tashar jirgi: ina hanyar mai tafiya a ƙasa?

Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, Turawa ba su shigar da shi cikin ganuwa ba. Can Sabon Gari suka kafa tashar. Daga nan ne aka ja layin Jos a 1914, daga baya kuma na Ƙaura Namoda.

Shi ya sa har yau mutumin cikin birni da ke son zuwa tasha sai ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye kogin Kubanni. A lungunan birni ƙafa ce sarauniya. Da zarar an fito titi, sai a tarar masu tireda sun cinye gefen hanya, 'yan acaɓa da Keke Napep na kutsawa, tsoho da ɗan makaranta suna rabon kwalta da mota.

Layin dogon kansa ya fi haɗari ga mai tsallaka shi a ƙasa, don jirgi ba ya tsayawa nan take ko da direba ya taka birki.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa sabon layin Kaduna zuwa Kano, wanda zai bi ta Zariya. Hukumomi su tanadi dandamalin masu tafiya, fitilu da mahaya mai shinge tun kafin jirgin ya fara gudu.