BAƘON DA BA YA SALLAMA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ranar Laraba da ta wuce, muna karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani tsakanin magariba da lisha, muka iso babin sallama da neman izini. Muka bayyana cewa neman izini wajibi ne, kada mutum ya shiga gidan da akwai mutane a ciki sai ya nemi izini har sau uku, in an ba shi ya shiga, in ba a ba shi ba ya koma. Sai wani Alhaji mai sayar da atamfa ya ɗaga wayarsa sama, ya ce, "Allah gafarta Malam, to wannan fa? Ta shiga zaure, ta wuce shigifa, har ƙuryar ɗaki take kwana, ban taɓa jin ta yi sallama ba." Jama'a suka yi dariya, mu ma muka murmusa. Amma da muka koma gida sai muka ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Malaman usulu kuwa sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa, saboda haka sai mu fara da asalin al'amarin.

Wannan shiga da na'ura ta yi cikin gidajenmu, masana ne suka tsara ta tun da daɗewa. A garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, ƙasar Amurka, kamfanin Xerox yana da cibiyar bincike mai suna PARC. A nan ne, a shekarar 1988, wani masanin ilmin kwamfuta mai suna Mark Weiser ya fito da wani ra'ayi da ya raɗa wa sunan da za mu iya fassarawa da "kwamfuta a ko'ina". A watan Satumba na 1991 ya bayyana shi dalla-dalla a mujallar Scientific American. Abin da yake nufi shi ne, fasaha ba ta cika ba sai ranar da mutane suka daina ganinta. Ya kawo misali da rubutu: yana jikin allon hanya, yana jikin ƙofar kanti da takardar alewa, mutum yana karantawa ba tare da ya ce wa kansa "ga ni ina karatu" ba. Ya kuma kawo misali da injin lantarki. A da, inji guda ne ke juya dukkan ma'aikata, kowa ya san inda yake. Daga baya sai ya ƙanƙance ya yawaita, har Weiser ya ƙirga guda 22 a littafin gyaran mota ɗaya, direba kuwa bai san da zamansu ba. Ya ce haka kwamfuta za ta zama, a sami ɗaruruwa a ɗaki guda.

Shi da abokan aikinsa sun ƙera na'urori iri uku don gwaji: ƙarama mai shiga tafin hannu, matsakaiciya kamar littafi, da babba kamar allon bango na makarantar boko. Duk wanda ya dubi wayar hannu da kwamfutar tafin hannu da faifan talabijin na zamani zai ga jikokinsu. Weiser ya rasu a 1999 yana da shekara 46, bai ga yadda zancensa ya tabbata ba.

Gwajin da ya fi jan hankalinmu shi ne wanda aka yi a cibiyar binciken kamfanin Olivetti da ke Kambirij, ƙasar Ingila, wajen 1990. An ba ma'aikata wani ɗan baji suna maƙalawa a riga. Kowane daƙiƙa 15 bajin yakan fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, sai na'urorin da aka kafa a ɗakuna su karɓa su sanar da babbar kwamfuta cewa wane yana ɗaki kaza. Manufar kyakkyawa ce: in an bugo wa mutum tarho, a juya masa kiran zuwa ɗakin da yake. To amma ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan fili ba sai mun faɗa musu abin da shugaban ma'aikata zai iya yi da irin wannan sani ba. Shi kansa Weiser, a yi masa adalci, ya faɗi wannan tsoro a cikin rubutunsa, cewa irin wannan bayani zai iya faɗawa hannun shugabanni da jami'an gwamnati da 'yan talla. Sai dai mai wancan baji yana iya cire shi ya ajiye bisa tebur ya yi tafiyarsa. Mu kuwa da kuɗinmu muka sayi namu bajin, kuma ba mu yarda mu rabu da shi ko da a banɗaki.

Waya ba ta aiki sai ta riƙa sanar da turken sadarwa mafi kusa inda take. Tana kuma karɓar saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa, ta haka take gane wurinta har kusan ƙofar gida. Wani zai ce, ai ba a rubuta sunana ba, lamba ce kurum. A 2013 wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Louvain ta Beljiyam sun duba bayanan zirga-zirgar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, waɗanda aka cire sunayensu. Suka gano cewa in an san wurare huɗu da mutum ya je da lokutan da ya je, ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya-ɗaya. To ku duba lamarin Musulmi mai kiyaye jam'i: gida, masallaci, kasuwa ko ofis, sa'an nan masallaci kuma. Wane ne ya fi shi sauƙin ganewa?

Wannan ya riga ya faru. A watan Nuwamba na 2020 jaridar intanet ta Motherboard ta ba da rahoto cewa manhajar Muslim Pro, mai nuna alƙibla da lokutan salla, wadda aka sauke sau sama da miliyan 90, tana tura bayanin inda masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuwa daga cikin masu saye a hannunsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja wani abu, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. A watan Disamba na shekarar Apple da Google suka hana masu manhajoji aiki da X-Mode, a Janairun 2024 kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta hana shi sayar da bayanan zuwa wurare masu tsauri, har da wuraren ibada. Abin lura, bawan Allah ya ba da izinin sanin wurinsa ne don a nuna masa alƙibla. Manhaja ba za ta iya lissafin faɗuwar rana ba sai ta san garin da mutum yake, wannan gaskiya ne. Amma izinin da aka bayar saboda salla sai aka kai shi kasuwa.

To me shari'a ta ce? Asalin na'ura halal ce, kamar wuƙa da alƙalami, kuma ba mu cikin masu cewa a jefar da ita. Da ita ake biyan kuɗin kaya daga Legas ba a ɗauki jaka a hanya ba, alhazai kuma sun ga amfanin katin Nusuk da hukumomin Saudiyya suka wajabta a hajjin 2024. Magana tana kan abin da ake tarawa da wanda ake miƙa wa.

Allah Maɗaukaki ya hana binciken asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, ya haɗa shi da mummunan zato da yi da mutum. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. A aya ta 58 ma ya umurci yara da masu hidimar gida su nemi izini a lokuta uku: kafin asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan lisha. Idan ɗan cikinka sai ya nemi izini a waɗannan lokuta, ina ga na'ura mai ido da kunne wadda wani kamfani a bayan teku ke riƙe da linzaminta? Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani ya leƙa ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa, sai ya tsawatar masa ƙwarai, ya bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Daga nan muka fahimci cewa illar hukuncin ita ce tsinkayar abin da mutum ya ɓoye, ko ƙafa ta taka gidan ko ba ta taka ba. Hatta muhtasibi, wanda hukuma ta naɗa don hana ɓarna, Almawardi ya bayyana cewa ba shi da ikon bin diddigin abin da mutane suka rufe wa ƙofa, sai a kan ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai.

Kamfanoni za su ce ai mun nemi izini, shi ya danna "na yarda". Mu dai a ganinmu wannan yarda tana da rauni, domin an rubuta sharuɗɗan da Turancin lauyoyi, shafi bisa shafi, kuma sun san ba mai karantawa. Ɗan kasuwa ya san cewa cinikin abin da ke cikin buhu a ɗaure, ba a gani ba, ba a siffanta ba, garari ne. Amma ko mun ɗauka yardar ta inganta, to a kan haƙƙin mutum kansa ta inganta. A nan ne laifin ke dawowa kanmu. Lambobin da ke cikin wayarka na mutane ne: na matarka, na surukinka, na malaminka, na abokin cinikinka. Lokacin da manhaja ta nemi ganinsu ka danna mata, ka ba da abin da ba naka ba. An ga sakamakon haka a ƙasar nan wajen kamfanonin ba da bashi ta waya, waɗanda, ban da ribar da suke ci, in mutum ya makara sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarsa saƙon cewa wane ɓarawo ne. Abin ya kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Mutuncin da ya zube kuwa, samame bai mayar da shi ba.

Saura waɗanda bayanan jama'a ke ratsawa ta hannunsu, watau da yawa daga cikin masu karatu. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, aka umurci haɗa layin waya da lambar NIN a Disambar 2020, sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura kowa ga tiransifa, sai ya zama mai POS a bakin kasuwa ya san abin da ke asusun maƙwabcinsa, akawu a ofis kuma da danna maɓalli biyu zai ga fayil ɗin da a da sai masinja ya wuni yana nema. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa in mutum ya faɗa maka magana sa'an nan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Wanda ya kare lambarsa ta sirri da tafin hannu yana dannawa, ai ya waiwaya. Saboda haka haramun ne mai POS ya ba da labarin kuɗin wani a majalisa, haramun ne ma'aikaci ya buɗe bayanan wanda aiki bai kai shi gare shi ba, ko don wani babba ya roƙe shi, ko don ana binciken mai neman auren 'yarsa. Gwamnati ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, kuma bin ta wajibi ne tun da ba ta saɓa wa shari'a ba. Haka nan maigida da zai kafa kyamara a shagonsa, ya sanar da yaransa da masu shigowa, kada kuma ya fuskantar da ita ga tsakar gidan maƙwabci.

Shi kuwa Alhaji mai atamfa, amsar da za mu ba shi ranar Laraba in Allah ya kai mu ita ce, ya nemi ɗaya daga cikin 'ya'yansa su zauna su buɗe sashen izini na wayar, su duba kowace manhaja. Mai lokutan salla a rubuta mata sunan gari da hannu, ya wadatar. Mai tocila da ke neman ganin lambobin mutane da sauraron magana, a sallame ta. In kuma ya ga dama, bayan lisha ya bar wayar a zaure, inda ake barin baƙi. Allah ne mafi sani.