Mai taɓin hankali ma a duba masa hanta

A gidajenmu na Zongo, idan ɗan'uwa ya samu taɓin hankali, tambayar kowa ɗaya ce: ya yi barci? Ya daina surutu shi kaɗai? Lafiyar jikinsa kuwa ba mai bi ta kai. Ta wannan kafa ciwon hanta nau'in C yake shigowa.

Ta jini ake ɗaukarsa. Ku duba yadda marar lafiyar nan yake rayuwa: an kai shi wajen mai magani an yi masa tsaga, an yi masa ƙaho, wanzami ya aske shi da askar da ta bi kawuna da yawa, mai yankan farce na bakin titi ya ji masa rauni. Wani kuma allurar maye yake karɓa daga hannun abokai. Binciken da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2016 ya nuna cutar ta fi yawa a cikin masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa, har kusan kashi 17 cikin 100 a Amurka ta Arewa. Cin abinci kwano ɗaya ko musafaha ba sa yaɗa ta, don haka kada a ƙara masa wariya kan wadda yake ciki.

Mugun halinta shiru. Sai ta shekara 20 tana cin hanta ba alama, kuma ko ya ce ya gaji ko cikinsa na ciwo, sai a ce ai ciwon kan ne. Ranar da ido ya yi shawara, ciki ya kumbura, aiki ya riga ya yi nisa.

Allurar rigakafi babu, ba kamar nau'in B ba. Amma tana warkewa. A da maganinta allurar intaferon ce, mai jawo baƙin ciki da ruɗewa, shi ya sa likitoci suke guje wa ba masu taɓin hankali. Wannan uzuri ya faɗi tun da sababbin magunguna irin su sofosbuvir suka fara fitowa a 2013: ƙwayoyi ne na kusan mako 12, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100.

In za ku kai shi asibitin Zebe da ke Aneho, ko asibitin Sylvanus Olympio a nan Lome, ku nemi a gwada jininsa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin magunguna irin su carbamazepine da phenobarbital suna karya ƙarfin maganin hantar, likita ne kaɗai zai san abin da zai canza.