Tsohon gem a sabuwar na'ura: ina gaskiya, ina jita-jita?

Daga shagunan gyaran waya na kasuwar Aboabo zuwa ɗakunan buga gem na Sabonjida, matasan Tamale ba su rabu da tsofaffin wasanni ba. Sai dai akwai maganganu uku da ake yaɗawa waɗanda ya kamata a tace.

"Tsohon gem ba ya tashi sai a tsohuwar Windows." Ba haka ba ne. Gaskiya ne sabuwar Windows ba ta buɗe wasannin zamanin DOS kai tsaye, amma manhajar DOSBox, wadda ta fito a 2002, tana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ta buɗe su. PCSX2 na buɗe na PlayStation 2, PPSSPP kuma na PSP, har a wayar Android. Komawa baya shi ne haɗarin, domin Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows XP a 2014, ta Windows 7 a 2020.

"Manhajar kyauta duk bairos ce." Nan an haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Waɗannan manhajoji uku buɗaɗɗu ne: an baje rubutun da aka gina su da shi, kowa na iya dubawa. Gem ɗin da aka fasa makullinsa ana turawa ta filash kuwa, ba wanda ya san abin da aka cusa masa. A 2021 kamfanin Avast ya gano bairos ɗin Crackonosh a ɓoye cikin fasassun kwafin GTA V da PES 2018. Ya kama kwamfutoci sama da 220,000, yana kashe manhajar tsaro, yana haƙa wa masu shi kuɗin kirifto.

"Tunda a buɗe take, ba ta da ɓaraka." Wannan ma ya wuce gona da iri. Kuskuren Heartbleed ya yi kusan shekara biyu cikin buɗaɗɗiyar manhajar OpenSSL kafin a gano shi a 2014. A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa wajen shiga wata kwamfuta, ya bi sawu har ya tono ƙofar ɓoye da aka dasa da gangan cikin buɗaɗɗiyar manhajar XZ Utils. Buɗewar ce ta ba shi damar bin sawun, aka toshe ƙofar kafin ta bazu. Amma damar dubawa daban, samun mai dubawa daban.

Ashe abin tambaya shi ne daga ina fayil ya fito. A sauke manhaja daga shafin masu ita, a riƙa sabunta ta. Duk gem ɗin da ya ce sai an kashe manhajar tsaro, a bar shi, musamman a wayar da ke ɗauke da asusun kuɗi na MoMo. Wanda aka damfara ya kira Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a 292.